Tausar tafin ƙafa: Darasin da mai koyon sana'ar bai kamata ya tsallake ba

Akwai wani hoto da ya daɗe yana yawo a WhatsApp da Facebook. Tafin ƙafa ne guda biyu an yanyanka su da launuka, kowane yanki an liƙa masa sunan wani sashe na jiki. Babban yatsa an ce shi ne kai da ƙwaƙwalwa. Tudun da ke ƙarƙashin yatsu an ba huhu da ƙirji. Hanta tana tafin dama, gefen ƙafa na ciki kuma, tun daga babban yatsa har dunduniya, an ce ƙashin baya ne. A ƙasan hoton akan rubuta cewa duk wanda ya iya danna waɗannan wurare zai iya magance ciwon da ke can cikin jiki.

Wannan taswira ita ce ginshiƙin abin da ake kira rifiliksoloji, wato tausar tafin ƙafa, wani lokaci har da tafin hannu da kunne. Sana'a ce da ba ta buƙatar jari mai yawa: kujera, tawul, man shafawa, sai hannun mai yi. Shi ya sa take jan hankalin matasa, wasu ta hanyar kwasa-kwasan intanet na 'yan makonni, wasu kuma a wuraren gyaran jiki da cibiyoyin maganin gargajiya na birane.

A Birtaniya, inda sana'ar ta daɗe da samun tsari, ɗalibi ba ya karɓar takardar shaida sai ya ci jarrabawa a kan ƙirar jikin ɗan'adam, yadda sassansa ke aiki, da cututtukan da aka fi fama da su. Sashe ne mai yawan hadda, kuma shi ne wanda mai gaggawar fara karɓar kuɗi zai fi son ya tsallake. Amma shi ne ya fi komai muhimmanci a duk karatun, domin ba kowace ƙafar da aka miƙo wa mai tausa ce gajiya ke damun ta ba. Wata ƙafar tana ɗauke da gudan jinin da zai iya kashe mai ita cikin mintuna. Wata kuma ta daina jin zafi gaba ɗaya, mai ita bai sani ba.

Daga ina taswirar ta fito?

Masu koyar da sana'ar sukan fara tarihinta daga Masar. A Saƙƙara akwai kabarin wani babban jami'in Fir'auna mai suna Ankhmahor, wanda ya rayu fiye da shekara 4,000 da suka wuce, kuma a jikin bangon an zana wasu mutane suna riƙe da hannuwa da ƙafafun wasu. Ko tausa ake yi, ko gyaran farce ne, masana tarihin Masar ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. Abin da babu a zanen shi ne taswirar da ke haɗa ƙafa da hanta ko ƙoda.

Taswirar ta zo ne daga Amurka. A 1913 wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro, William Fitzgerald, ya fito da ra'ayin cewa jiki ya kasu gida goma a tsaye, biyar a dama biyar a hagu, kowanne ya taso daga kai ya ƙare a yatsa. Ya riƙa matse yatsun marasa lafiya da roba da matsefi da makamantansu, yana cewa hakan na rage zafi a wani wurin da ke kan layi ɗaya. A shekarun 1930 wata ma'aikaciyar gashin ƙashi, Eunice Ingham, ta mayar da hankali kan ƙafa kaɗai, ta zana sassan jiki a kan tafin, ta wallafa littafi a 1938. Taswirorin da ake gani yau jikokin tata ne, kuma idan aka jera na makarantu daban-daban za a ga ba su ma yi daidai da juna ba a wasu wuraren.

Ƙafar ita kanta

Kafin a je ga hanta da huhu, ƙafar kanta abin karatu ce. Kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙashi 26 da gaɓa 33. Ƙafa biyu sun tashi ƙashi 52 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Bakwai suna baya, wajen dunduniya da idon sawu, kuma ƙashin dunduniya shi ne mafi girma a cikinsu. Biyar dogaye ne da suka miƙe a tsakiyar ƙafa. Sauran 14 na yatsu ne, kowane yatsa uku, ban da babban yatsa mai biyu.

A ƙarƙashin waɗannan ƙasusuwa akwai wani kakkauran tantani da ya taso daga dunduniya ya bazu zuwa gindin yatsu, kamar tsirkiyar baka. Shi ke riƙe lanƙwasar tafin ƙafa. Idan ya wahala, mutum zai riƙa jin suka a dunduniya da ya sauko daga gado da safe, sai ya ɗan taka sannan ta lafa. Masu tsayuwa yini guda a shago ko a aji sun san wannan ciwon. Yana cikin matsalolin da tausa da miƙe tsoka da sauya takalmi ke taimaka wa da gaske.

Wani abin da ke rikita ɗalibi Bahaushe shi ne kalmar jijiya. A bakin mutane, jijiya ɗaya ce. A jiki kuwa abubuwa uku ne da ba su da haɗi a aiki. Akwai jijiyar jini, wadda bututu ce. Akwai jijiyar saƙo, wadda ke kai labarin zafi da sanyi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa, ta kuma kawo umarnin motsi. Sannan akwai irin su agara, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, wadda mafi ƙarfinta a jiki ita ce ta bayan dunduniya. Idan mutum ya zo ya ce “jijiya ke damu na”, bai faɗi komai ba tukuna. Aikin mai tausa ne ya yi tambaya har ya gane wacce ake nufi, domin abin da zai amfani ɗaya zai iya cutar da ɗaya.

Jijiyoyin jinin ma iri biyu ne. Masu kai jini daga zuciya su ne ake jin bugunsu, kuma a ƙafa ana jin sa a wuri biyu: a saman ƙafa, kan layin da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, da kuma bayan ƙashin idon sawu ta ciki. Masu mayar da jini zuwa zuciya aikinsu ya fi wuya, saboda hawa suke yi. Abin da ke taimaka musu shi ne tsokar sha-raɓa, wadda ke matse su duk lokacin da mutum ya taka, tare da wasu ƙananan ƙofofi a cikinsu da ke hana jinin komawa ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa ƙafa ke kumbura idan an daɗe a zaune.

Inda ƙafa ke ba da labari da gaske

Likitoci ma suna karanta jiki ta ƙafa, amma ta hanyar da za a iya bin sawunta da ido a ɗakin fiɗa. Jijiyoyin saƙon da ke zuwa ƙafa suna fitowa ne daga laka, ta ƙasan gadon baya, su haɗu su zama jijiya mafi tsawo da kauri a jiki, wadda ke bi ta ɗuwawu da bayan cinya kafin ta rabu a bayan gwiwa. Saboda haka idan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya zame ya danne ta, mutum zai iya jin zafi ko dindiris a yatsun ƙafa alhali matsalar tana ƙugu. Ko a yini ana murza yatsun, faifan yana nan inda yake.

Akwai kuma gwajin da likitan ƙwaƙwalwa na Faransa, Joseph Babinski, ya bayyana a 1896. Ana jan wani abu marar kaifi a gefen tafin ƙafa daga dunduniya zuwa sama. A wajen baligi mai lafiya, yatsu za su lanƙwashe ƙasa. Idan babban yatsa ya ɗaga sama, alama ce ta matsala a ƙwaƙwalwa ko laka, kamar yadda ake gani a wasu masu shanyewar ɓarin jiki. A wajen jarirai ɗagawar ba matsala ba ce, don hanyoyin saƙonsu ba su gama nuna ba.

Taswirar jiki ta gaskiya kuwa tana cikin ƙwaƙwalwa. Wilder Penfield, likitan fiɗar ƙwaƙwalwa a birnin Montreal na Kanada, ya nuna tun shekarun 1930 cewa kowane sashe na fata yana da gurbinsa a saman ƙwaƙwalwa. Saƙon da ya taso daga tafin ƙafa can yake zuwa. Har yau masu nazarin jiki ba su gano wata jijiya da ta taso daga tsakiyar tafin dama ta nufi hanta ba.

To me ya sa mutane ke jin daɗi bayan tausa? Wannan yana da bayani. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa saƙon taɓawa da murzawa na iya rage ƙarfin saƙon zafi tun a laka, kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yake saurin murza wurin ba tare da an koya masa ba. Ƙari a kan haka, mutum ya kwanta rabin awa a wuri marar hayaniya, wani yana kula da shi, numfashinsa zai daidaita, bugun zuciya ya sauka, tsokoki su saki. Wannan amfani ne, kuma ba abin rainawa ba ne ga mai fama da gajiya ko rashin barci.

Abin da bincike ya nuna

Maganar warkar da cuta ce ta kasa tsayawa da ƙafafunta. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Exeter da ke Ingila suka gwada ko ƙwararrun masu tausa za su iya gano cutar mutum ta hanyar taɓa ƙafarsa kawai, ba tare da sun yi hira da shi ba. Sakamakon bai nuna za su iya ba. A 2009 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwaje 18 da aka yi a kan marasa lafiya ya auna su, ya ce babu gamsasshiyar hujja cewa tausar tana magance wata cuta. Gwamnatin Ostareliya ma ta yi nata bitar a 2015, kuma daga Afrilun 2019 ta cire tausar tafin ƙafa daga cikin hanyoyin jinyar da take tallafa wa ta inshorar lafiya.

Haka abin yake game da “tsakuwoyin” da wasu ke cewa suna ji a ƙarƙashin fata, wai dattin jiki ne ya taru kuma dannawa ke farfasa shi. Tace jini aikin hanta da ƙoda ne. Ƙodojin mutum kan tace ruwa kimanin lita 180 a yini, su mayar da kusan duka cikin jini, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Injin nan da ake tsoma ƙafa a ruwan gishiri ruwan ya koma ja ko baƙi, a ce guba ce ta fito, tsatsar ƙarfen da ke cikin injin ce. Ko ba a sa ƙafa ba ruwan zai canza launi.

Ƙafar mai ciwon suga

Idan akwai cuta ɗaya da ya wajaba mai tausa ya san ta ciki da bai, ciwon suga ce. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da shi a Najeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Wato akwai yiwuwar wanda ya zo tausa yana da ciwon, amma ko an tambaye shi zai ce a'a, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Idan suga ya daɗe da yawa a jini, yana lalata ƙananan jijiyoyin saƙo, kuma yakan fara da mafi tsawo, wato na yatsun ƙafa. Da farko mutum zai ce ƙafarsa na zafi kamar an zuba barkono, musamman da dare, ko yana jin tsira-tsira kamar allura. Waɗannan su ne ainihin ƙorafe-ƙorafen da ke kai mutane wajen mai tausa. Daga baya zafin sai ya tafi, mutum ya ɗauka ya samu sauƙi, alhali jin ne ya mutu. Lalacewar kan fara daga yatsu ta hau sama a ƙafafu biyu, kamar an sa safa.

Daga nan haɗari ke farawa. Tsakuwa za ta shiga takalmi ya yini yana taka ta bai sani ba. Da hunturu zai miƙa ƙafa gaban kaskon garwashi ta ƙone bai ji ba. Likitoci a Saudiyya sun sha ba da rahoton alhazai masu ciwon suga da suka ƙone tafin ƙafa saboda tafiya ba takalmi a kan ƙasa mai zafi. Mai yankan farce na kan titi zai ɗan yanke shi, wurin ya ƙi warkewa. Ciwon sugan kuma yana toshe jijiyoyin da ke kawo jini, yana rage ƙarfin jiki wajen yaƙar ƙwayoyin cuta, don haka ƙaramin rauni sai ya zama gyambo. Kusan kashi 85 cikin 100 na yanke ƙafar da ake yi wa masu ciwon suga da gyambo suke farawa.

A nan mai tausa zai iya yin gyaran gangar Auzinawa. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a danna har mutum ya ce ya ji, to wannan ba zai ji ba. Sai a ƙara ƙarfi, ko a ɗauko sandar katako da wasu ke amfani da ita, a ƙuje fatar da dama ta bushe ta yi faso. Tsoma ƙafa a ruwan zafi kafin a fara, wanda wasu wuraren ke yi don burge mai zuwa, ya isa ya saluɓe fatar. Takalman nan masu ƙusoshin roba da ake sayarwa a kasuwa da sunan takalmin tausa su ma ba na mai ciwon suga ba ne.

Amma kuma mai tausa yana da damar da ba kowa ke da ita ba: yana kallon tafin ƙafar mutum da kyau, a cikin haske, na tsawon lokaci. Dattijon da idonsa ya yi rauni ko ba ya iya sunkuyawa zai yi shekara bai ga ƙarƙashin ƙafarsa ba. Wanda ya san abin da yake nema zai lura da kantar da ta yi duhu a tsakiya, da tsagewa tsakanin yatsu, da farcen da ya shige cikin nama, da ƙafar da ta fi 'yar'uwarta sanyi, da bugun jinin da ba a ji. A asibiti ana gwada jin ƙafa da wani siririn zaren roba mai danna nauyin giram 10, kuma ana auna suga kafin a karya kumallo. Idan ya kai 7.0 a ma'aunin milimol, ko 126 a ma'aunin miligiram, likita zai sake gwadawa don tabbatarwa. Gwaji ne na 'yan mintuna. Ga mai ciwon da ya riga ya sani, lokacin alwala dama ce ta duba ƙafa kullum, kuma a riƙa tsane tsakanin yatsu, don damshi na jawo cin ruwa. Ga mata kuma, lalle kan ɓoye canjin launin fata, sai an duba da natsuwa.

Idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura

Ciwon suga yana cin ƙafa a hankali. Wannan kuwa ba ya jira. Jini na iya daskarewa ya zama guda a cikin manyan jijiyoyin da ke can cikin sha-raɓa ko cinya. Abubuwa uku ke kawo shi: jini ya daɗe bai gudana ba, jijiyar ta ji rauni, ko jinin ya zama mai saurin daskarewa. Shi ya sa ya fi kama wanda aka yi wa tiyata, da wanda ya daɗe kwance, da mai karaya, da mai ciwon daji, da mai juna biyu, da mai jego musamman a makonni shida na farko, da wasu matan da ke shan ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka haɗarin kusan sau biyu. Wanda ya sauko daga motar Legas zuwa Kano ya wuce wannan nesa ba kusa ba.

Alamarsa ita ce ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi ɗayar, sha-raɓa na ciwo kamar an ɗaure, wurin ya yi ɗumi. Littattafan Turawa sukan ce fatar za ta yi ja, amma a baƙar fata ba lallai a ga jan ba, sai dai ta yi duhu ko sheƙi. Mutumin da kansa zai ce tsoka ce ta riƙe, a murza masa. Idan gudan ya ɓalle, jini zai ɗauke shi ya bi ta zuciya ya toshe jijiyar huhu. Sai numfashi ya sarƙe nan take, ƙirji ya ɗauki ciwo, wani ya yi tarin jini, wani ya faɗi. Irin wannan ƙafar ba a taɓa ta. Asibiti ake nufa a ranar, inda za a yi hoton jijiyar a fara maganin tsinka jini.

Kumburin ƙafa biyu labarinsa daban ne. Idan aka danna yatsa a ƙauri ya bar rami, ruwa ne ya taru, kuma tushensa na iya zama zuciya, ƙoda ko hanta. Ga mai ciki da ta wuce mako 20, kumburin da ya haɗa da fuska da hannuwa, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, alama ce ta hawan jinin masu ciki wanda ke kaiwa ga jijjiga. Ga mai jego kuwa, kumburin ƙafa tare da haki da kasa kwanciya rigingine na iya zama ciwon zuciyar bayan haihuwa. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun wannan ciwo a duniya, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suke rubutu a kansa. Mai jegon da ke cikin wannan hali ba tausa take buƙata ba, ko da dangi sun ce gajiyar haihuwa ce.

Sauran da ake yawan gani

Masu sikila, waɗanda ake haifar kimanin 150,000 duk shekara a Najeriya, sukan yi gyambo a kusa da idon sawu mai wuyar warkewa, kuma a jarirai kumburin hannu da ƙafa mai zafi kan zama alamar farko ta cutar. Ba a tausa a kan gyambo, kuma ciwon da ya tashi da ƙarfi, musamman da zazzaɓi, na asibiti ne.

Kuturta ba ta ƙare ba, har yanzu ana samun sabbin masu kamuwa. Tana farawa da tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa, sannan ta kashe jin hannu da ƙafa. Maganinta kyauta ne, na wata shida zuwa 12, kuma idan an fara da wuri ba ta kai ga nakasa. Tundurmi kuma sauro ke yaɗa tsutsar da ke kawo shi, ta toshe hanyoyin ruwan jiki, kuma abin da ya fi taimakon mai shi shi ne wanke ƙafar kullum da sabulu, tsane ta, da ɗaga ta sama.

Akwai ciwon gaɓar da ake kira gawut, wanda ya fi kama gindin babban yatsa, sau da yawa cikin dare, wurin ya kumbura ya yi zafin da ko mayafi ba a so ya taɓa. A nan kam akwai ƙananan duwatsun sinadarin yurik, amma a cikin gaɓar suke, kuma dannawa azaba kawai za ta ƙara. Wanda kuma ya ce sha-raɓarsa na ciwo idan ya yi tafiya kaɗan, ya tsaya ta lafa, ya ci gaba ta dawo, musamman mai shan taba, wataƙila jijiyoyin da ke kai jini ƙafarsa ne suka ƙuntata, kuma irin wannan toshewar kan kasance a jijiyoyin zuciya ma. Cin ruwa tsakanin yatsu da cutar farce kuwa suna yaɗuwa ta tawul da kwano da hannu, don haka kowane mutum da nasa tawul, kuma a wanke hannu kafin da bayan aiki.

Kafin a ɗora hannu

A makarantun da suka san abin da suke yi, ana koya wa ɗalibi ya fara da tambayoyi kafin ya buɗe kwalbar mai. Akwai ciwon suga, hawan jini, sikila ko ciwon zuciya? Akwai ciki, ko an haihu kwanan nan? An yi tiyata ko doguwar tafiya a 'yan makonnin nan? Wane magani ake sha? Mai shan maganin tsinka jini, alal misali, ɗan dannawa kaɗan zai tara masa jini a ƙarƙashin fata. Bayan tambaya sai dubawa: ƙafa biyu a jere, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, a gwada girmansu da ɗuminsu.

Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Birtaniya ita da kanta tana cewa mambobinta ba sa gano cuta, ba sa rubuta magani, ba sa iƙirarin warkarwa. A Najeriya ma takardar kammala kwas ɗin tausa ba lasisin duba marar lafiya ba ce, hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista. Mai tausar da ya danna wani wuri mutum ya zabura, ya ce masa “ƙodarka ta taɓu”, ya jefa shi cikin fargabar banza ko ya tura shi sayen magungunan da ba ya buƙata. Wanda ya fi wannan muni shi ne wanda zai ce wa mai hawan jini ya ajiye ƙwayoyinsa tunda an fara tausa. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, mutum zai ji garau jininsa na sama da 140 bisa 90, har ranar da ɓarin jiki zai shanye.

Idan an ga abin da ya fi ƙarfin kujerar tausa, ba sai an ambaci sunan cuta ba. A samu takarda a rubuta abin da ido ya gani: wace ƙafa ce, tun yaushe, girman raunin, ko akwai ɗumi, wari ko ruwa, da magungunan da mutumin ya ce yana sha. A sa kwanan wata, a ba shi ya tafi da ita asibiti. Idan kumburin ƙafa ɗaya ne, ko akwai haki, ko gyambo ne a ƙafar mai ciwon suga, a nema masa abin hawa, kada a bar shi ya ce sai gobe.